An doke shi har ya amsa laifin kisa: ko ɗaukaka ƙara za ta soke abin da ya faɗa wa masu bincike?

"Assalamu alaikum, Metir lauya. Daga Tahoua nake rubuto maka. An tsinci gawar wani saurayi a bayan gari, sai aka kama ƙanena saboda an ga sun yi cacar baki da mamacin kwana biyu kafin nan. Ya kwana huɗu a hannun masu bincike, ba a bari mun gan shi ba. Da muka same shi a gidan kaso ya ce mana an doke shi, an hana shi barci, har ya ce shi ne, kuma ya dangwala yatsa a kan takardar Faransanci da bai san abin da ke cikinta ba. Yanzu yana rantsuwa ba shi ba ne. Na ji an ce a Amurka kotu tana zubar da irin wannan magana idan aka ɗaukaka ƙara. Mu nan muna da wannan hanya? Idan an zubar da ita, za a sake shi?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan wanda ya rasu, ya ba iyayensa haƙuri, ku kuma Allah ya bayyana gaskiya. Idan na fahimce ka, kana son ka san ko doka ta ba da hanyar cire maganar da aka tatsa daga bakin ƙanenka, da kuma ko cire ta na nufin ya dawo gida. Hanya akwai ta. Sai dai ba a kotun ɗaukaka ƙara take farawa ba, tana farawa tun yanzu da ƙarar take hannun alƙali mai bincike, kuma duk wanda ya zauna jiran ɗaukaka ƙara yakan iske an riga an rufe masa ƙofa. Cire maganar kuma ba ya fitar da mutum daga kaso shi kaɗai. Ban ga takardun ƙarar ba, saboda haka abin da zan faɗa maka shi ne yadda abin yake tafiya, ba hukuncin da za a yanke ba.

Abin da ka ji game da Amurka

Gaskiya ne, amma rabin labarin ne ya iso maka. A 1966 kotun ƙolin Amurka ta soke hukuncin da aka yi wa wani mutum mai suna Ernesto Miranda a jihar Arizona, domin ƴan sanda sun karɓi amsa laifinsa ba tare da sun sanar da shi cewa yana da damar yin shiru da damar neman lauya ba. Daga nan ne wannan gargaɗi ya zama wajibi a kan ƴan sandansu. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, an sake yi wa Miranda shari'a a 1967 ba tare da waccan magana ba, aka kawo wata shaida, aka sake ɗaure shi.

Akwai wata shari'ar ta kisan kai da ta fi kusa da damuwarka. A ƙarshen 1968, a jihar Ayowa, wata yarinya ƴar shekara 10 ta ɓace. Wanda ake zargi, Robert Williams, ya miƙa kansa a wani gari, aka yi alkawari da lauyansa ba za a tambaye shi komai ba a hanyar mayar da shi. Cikin mota sai wani ɗan sanda ya fara yi masa magana mai taɓa zuciya, cewa ƙanƙara na shirin sauka, za ta rufe gawar, iyayen yarinya kuma sun cancanci su binne ƴarsu. Williams ya kai su inda gawar take. A 1977 kotun ƙoli ta ce wannan tambaya ce a fakaice, an tauye masa damar lauya, ta soke hukuncin. Aka sake shari'a, ba a karanta maganarsa ba, amma aka kawo shaidar gawar, aka sake samunsa da laifi. A 1984 kotun ƙoli ta tabbatar da wannan hukunci na biyu, bisa dalilin cewa masu neman yarinyar, mutum wajen 200, da ma za su kai ga gawar ko bai buɗe baki ba. Ka ga ke nan ko can ɗin, magana ce ake zubarwa, ƙarar tana nan.

Tsarinsu ma daban ne da namu. Su alƙali yana zama na musamman kafin shari'a ya yanke ko za a karɓi maganar, domin kada ta shiga kunnen mutanen gari da za su yanke hukunci. Idan ya zubar da ita, lauyoyin gwamnati ne ke gaggawar ɗaukaka ƙara tun kafin a fara shari'a, tunda ba su da damar ɗaukakawa bayan an wanke mutum. Idan ya karɓe ta, wanda ake zargi yakan jira sai an yanke masa hukunci kafin ya ɗaukaka. Maƙwabtanmu na Najeriya suna da abin da ya yi kama da haka: idan mutum ya ce tilasta shi aka yi, alƙali yana dakatar da shari'a ya yi wata ƙarama a cikinta a kan wannan batu kaɗai, kuma dokarsu ta 2015 ta tanadi a ɗauki amsa laifi a bidiyo ko a gaban lauya. Mu namu tsarin daga Faransa muka gaje shi, dokar bin diddigin laifuka tamu ta 1961 ce, an yi ta yi mata gyara.

Abin da dokarmu ta tanada

Tsarewar bincike a komisariya ko wurin jandarma awa 48 ce a laifuka na gama-gari. Ana iya ƙara wata 48 sau ɗaya, amma da izinin alƙali mai shigar da ƙara. Ka ce ƙanenka ya kwana huɗu. Wannan yana daidai bakin iyaka, don haka ba da kwana za a ƙirga ba, da awa za a ƙirga: ƙarfe nawa aka kama shi, ƙarfe nawa aka rubuta cewa an kama shi, ina izinin ƙari, ƙarfe nawa aka kai shi gaban alƙali. Na sha ganin takarda ta nuna an fara tsare mutum da safe alhali tun daren jiya yana hannu. Ku da kuka ga lokacin da aka tafi da shi, ku ne shaidun wannan.

Gyaran da aka yi wa dokar bin diddigin laifuka a 2003 ya kawo abu biyu masu nauyi. Ya wajabta a sanar da wanda aka tsare damarsa ta ɗaukar lauya daga awa ta 24, in ba a yi ba binciken na iya rushewa. Ya kuma wajabta cewa duk wanda za a kai gaban mai shigar da ƙara a haɗa shi da takardar likita mai nuna ba a ci zarafinsa ba. Daga baya ƙungiyar UEMOA ta ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, wadda Nijar ke cikinta, ta fitar da ƙa'ida a watan Satumba na 2014, ta fara aiki a 2015, wadda ta ce lauya yana tsaya wa mutum tun daga lokacin da aka kama shi, a ofishin ƴan sanda ko na jandarma. Wannan ƙa'ida tana aiki kai tsaye a ƙasashen ƙungiyar. A aikace dai har yanzu ana samun jami'in da zai ce wa lauya ya dawo gobe, kuma a nesa da Yamai sau da yawa ma babu lauyan da za a ce wa ya dawo.

A kan duka kuwa, Nijar ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta hana azabtarwa tun 1998, kuma sashe na 15 nata ya ce duk maganar da aka tabbatar da azaba aka same ta ba za a kafa hujja da ita ba. A 2020 aka gyara dokar hukunta laifuka, azabtarwa ta zama laifi mai zaman kansa. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu: malamanmu na fiƙihu tun da can suna karantar da cewa iƙirarin wanda aka tilasta ba a gina hukunci a kansa. Ka lura da kalmar "aka tabbatar". Duk wahalar aikin tana nan, domin faɗin cewa an doke shi ba ya isa, kusan duk wanda ya janye maganarsa haka yake cewa, alƙalai kuma sun saba ji.

Tun 2023 ana ta sake fasalin hukumomi da dokoki, saboda haka lauyanku zai duba rubutun dokar da ke aiki ranar da aka kama ƙanenka, da shi za a auna abin da aka yi.

Takardar da ya dangwala wa yatsa

Wannan takarda, wadda muke ce wa PV, mutane suna jin tsoronta fiye da ƙarfin da doka ta ba ta. A manyan laifuka, matsayinta bayani ne kawai da ke taimaka wa alƙali. Amsa laifi ma hujja ce kamar sauran hujjoji, alƙali ne ke auna ta, yana iya karɓa, yana iya watsarwa, gwargwadon abin da ya natsu da shi. Wannan a rubuce ke nan. A zahiri kuwa, takardar farko ita ce alƙali ke fara karantawa, kuma abin da mutum ya fara karantawa yana da wuyar fita daga ransa. Shi ya sa nake ɗaukar ta da muhimmanci ko da doka ta rage mata daraja.

Abin da ya fi damuna a ƙararrakin da ke zuwa daga yankuna irin naku shi ne yadda ake haifar takardar. Ana tambayar mutum da Hausa, ko Tamajak, ko Fulatanci, wani yana bugawa da Faransanci. Mutum ya yi bayanin rabin awa, da kwana-kwanarsa da shakkarsa, a takarda ya koma layi shida masu tsabta, cikin kalmomin da manomi ko makiyayi bai taɓa furtawa ba. Wani lokaci ba mugunta ba ce, gaggawa ce da gajiya. Amma a shari'ar kisa, layi ɗaya yana raba hukunci da hukunci. Wanda ya bugi mutum a faɗa ba da nufin kisa ba, ajali ya zo, hukuncinsa shekaru ne. Wanda ya kashe da niyya, ɗaurin rai da rai. Wanda ya shirya ya yi kwanto, doka ta ce kisa, ko da yake tun 1976 ba a zartar da hukuncin kisa a ƙasar nan ba. Don haka idan na karɓi irin wannan ƙara, ina duba ko an ambaci tafinta, ko an rubuta cewa an karanta masa an fassara masa kafin ya dangwala, ko an rubuta lokutan tambaya da na hutu.

Bayan haka sai in ajiye batun tsari in karanta maganar kanta. Me ya faɗa wanda mai laifi kaɗai zai sani? Ya ce da wuƙa ne, likita ya ce da sanda ne? Ya nuna wuri, an samu wani abu a wurin? Ko kuwa duk abin da ke cikin maganar masu bincike sun riga sun san shi kafin ya buɗe baki? Amsa laifin gaskiya yakan kawo sabon abu. Wanda aka cusa wa mutum yakan maimaita abin da ke hannun masu tambaya, har da kuskurensu.

Za ka ji mutane suna cewa wanda bai yi ba ba zai taɓa cewa ya yi ba. Ba haka ba ne, kuma ba sai an yi duka ba ma. A Faransa, wani yaro ɗan shekara 16, Patrick Dils, ya amsa kashe yara biyu a 1987 bayan doguwar tambaya, ya janye, ba a saurare shi ba, aka yanke masa rai da rai a 1989. Sai a 2002 aka wanke shi, bayan shekara 15 a kaso, daga baya aka samu wani da laifin. Faransa kanta sai a 2011 ta ba lauya damar zama a lokacin tambayoyin tsarewa, bayan kotunan Turai da majalisar tsarin mulkinta sun matsa mata. Rashin barci, tsoro, da alkawarin "ka faɗa kawai ka tafi gida" sun isa su karya mutum.

Gaban alƙali mai bincike

Nan ne ƙarar take yanzu, kuma nan ne ake ci ko a faɗi. Ranar da aka fara gabatar da mutum, doka ta ce alƙali ya sanar da shi abin da ake tuhumarsa da shi, ya gaya masa yana da damar ƙin cewa komai a ranar, da damar ɗaukar lauya. Tambayar farko da za ka yi wa ƙanenka ita ce: me ya faɗa wa alƙali ran nan? Da yawa suna maimaita abin da suka faɗa a komisariya, domin waɗanda suka rako su suna tsaye a bakin ƙofa, suna tsoron a mayar da su. Idan ya maimaita, aiki ya ƙara nauyi, domin yanzu akwai amsa laifi na biyu a gaban alƙali, wanda babu mai cewa ya doke shi. Ba a rasa abin yi ba, ana iya nuna cewa tsoron farko ne ya biyo shi, amma gardama ce mai wuya. Idan kuwa tun ranar ya ce an doke shi kuma aka rubuta, kun sami tushe mai kyau.

Lauya zai nemi a sake sauraronsa a rubuta janyewarsa da dalilinta filla-filla: wa ya doke shi, da me, a wane ɗaki, wa ke nan. Zai nemi a rubuce likita ya duba shi, kuma wannan ba ya jira, tabo yana warkewa. Takardar likita ta farko da ta ce lafiyarsa lau ba ta rufe magana ba, ana tambaya yaushe aka duba shi, an tuɓe masa riga ko kallonsa kawai aka yi. Rajistar gidan kaso ta ranar da aka karɓe shi, da waɗanda aka tsare tare da shi, duk suna iya zama shaida.

Neman soke takardar kuwa, a wannan mataki, sashen tuhuma na kotun ɗaukaka ƙara ne ke yanke shi, kuma Tahoua tana da kotun ɗaukaka ƙararta, ba sai an zo Yamai ko Damagaram ba. Wannan shi ne mafi kusa da abin da ka ji a Amurka. Dalilin da ya sa nake matsa maka a kan lokaci shi ne, a tsarin da muka gada, idan aka rufe bincike, takardar aika ƙara gaban kotun manyan laifuka ta tabbata, takan rufe kurakuran tsari da suka gabata. Kuskuren da ba a tayar ba a lokacinsa, ana ɗaukar an yafe shi.

Ɗaukaka ƙara bayan hukunci

A da kotun asiz, wato kotun manyan laifuka mai zama lokaci-lokaci, ce ke shari'ar kisa, ana jira shekaru kafin ta zauna. Gyaran 2019 ya mayar da aikin hannun sassan manyan laifuka na manyan kotuna, ya kuma buɗe hanyar ɗaukaka ƙara, a sake sauraron shari'ar. Bayan ita sai kotun ƙoli a Yamai, wadda ba ta sake tambayar wa ya kashe, doka kawai take dubawa, ko an bi ta ko an saɓa. Wa'adin kowane mataki gajere ne, da kwanaki ake ƙirga shi, kuma wanda ke kaso yana iya bayyana ɗaukakawarsa ta ofishin gidan kason. Ka kuma sani mai shigar da ƙara shi ma yana da damar ɗaukakawa idan hukunci bai yi masa ba.

Ko an makara da neman sokewa, bakin lauya bai rufu ba. Yana iya tsayawa gaban alƙalai ya nuna musu cewa wannan magana ba abin dogaro ba ce, ya kawo sashe na 15 ɗin nan, ya nuna saɓaninta da rahoton likita. A ganina ma, a kotunanmu an fi samun nasara ta wannan hanya fiye da ta sokewa, domin alƙali ya fi sauƙin cewa hujja ba ta gamsar da shi ba a kan ya rubuta cewa jami'ai sun azabtar da mutum.

Idan an soke, sai me?

Ana cire takardar daga cikin ƙara, a hana kowa kafa hujja da ita. Kotu tana kuma duba sauran ayyukan binciken da aka gina a kanta, tana iya haɗawa da su. Kamar tubali ne a katanga: idan na ƙasa ne wanda sauran suka hau kansa, katangar ta tafi, idan na gefe ne, tana nan tsaye. In duk abin da ake da shi a kan ƙanenka shi ne cacar baki da wannan takarda, to cire ta na iya kai ga alƙali ya ce babu dalilin gurfanar da shi, ko kotu ta wanke shi. In akwai wanda ya gan su tare a daren, ko an sami kayan mamaci a hannunsa, ko wayarsa ta nuna yana wurin, shari'a za ta ci gaba. Neman sakin talala buƙata ce daban, ana iya shigar da ita, amma a tuhumar kisa ba a cika bayarwa ba, kada in sa maka rai.

Na san akwai masu ganin irin wannan aiki taimakon masu kisa ne. Iyayen mamaci suna da haƙƙi, doka ma ta ba su damar shiga ƙarar su nemi diyya. Amma idan aka ɗaure wanda bai yi ba, su ma an cuce su, domin daga ranar da aka sami mai amsawa ake daina neman kowa, wanda ya kashe ɗansu kuma yana yawo a gari.

Game da lauya, yawancinmu a Yamai muke, wannan matsala ce ta gaske ga mutanen Adar. Idan babu halin ɗauka, akwai hukumar ANAJJ da aka kafa a 2011 domin taimakon marasa ƙarfi a shari'a, a tambayi ofishinta a babbar kotu. A shari'ar manyan laifuka ba a gurfanar da mutum ba mai kare shi, kotu tana naɗa masa, sai dai wanda aka naɗa dab da zama ba zai iya dawo da abin da ya wuce a lokacin bincike ba, don haka ku nema tun yanzu. Ku yi hattara da masu zarya a bakin kotu suna cewa a kawo kuɗi za su gyara magana. Kada kuma ku je wurin shaidu ko dangin mamaci da nufin a sasanta a janye: yafewarsu ba ta tsayar da ƙarar kisa, kuma ana iya fassara zuwanku da neman toshe baki.

Cikin satin nan, ka zauna da waɗanda suka ga kamun ku rubuta rana da awa. Ku rubuta ranakun da kuka je aka hana ku ganinsa. Ka tambaye shi inda yake a daren da abin ya faru da wanda zai shaide shi, ku adana wayarsa da lambarta idan tana hannunku. Ka gaya masa kada ya sake dangwala yatsa a kan wata takarda sai an fassara masa ita, kuma in an kira shi gaban alƙali ya nemi a jira lauyansa.